Wai ƙwaƙwalwa tana kwashe dattinta da kanta? To me ke kawo rikicin tsufa?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga likitocinmu da ɗaliban kimiyya da ke wannan zaure. Na ji ana cewa ciwon mantuwa na tsofaffi, wanda ake kira Alzheimer, wani furotin ne mai suna amiloyid ke taruwa a ƙwaƙwalwa ya daskare. Sai kuma na ji wai su kansu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar suna da hanyar da suke kwashe shi. To in haka ne, me ya sa yake taruwa? Kuma akwai abin da mutum zai sha ya ƙarfafa wannan kwashewar? Dalilin tambayar, na ga ana tallar wani garin magani a mota da lasifika, wai yana wanke ƙwaƙwalwa tas, kuma mutane na saya.

Bakano77:
Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina rikicin tsufa ba ciwo ba ne, tsufa ne kawai. Tun kakanninmu ake yin sa, ba a kai kowa asibiti ba.

Maman_Ilham:
Malam Bakano, da ka yi jinyar mai shi da ba ka faɗi haka ba. Kakar mijina ta haura casa'in, har ta rasu tana iya lissafa maka jikokinta ɗaya bayan ɗaya, tana tuna wanda ya ci mata bashi. Ita kuwa mahaifiyata ba ta kai saba'in da biyar ba abin ya fara. Matar da ake aiko wa daga wasu unguwanni a yi mata odar dambu da alkaki, sai ga ta tsaye a gaban murhu da ludayi a hannu ta rasa me ke biye da me. Kuɗinta za ta ƙulle a bakin zane, ta kwance ta tura cikin kwalla a ƙarƙashin gado, anjima ta ce yarinyar gida ta sace. In tsufa ne kawai, me ya sa ya bar waccan ya kama wannan?

Ummu_Sadiq:
Allah sarki. Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku ladan jinya.

Abba_Biochem:
Amin. Yaya Dan_Fagge, tambayarka ta faɗo daidai kan abin da nake karanta, bari in gwada.

Da farko, amiloyid ba baƙo ba ne a jiki. Ni da kai da jaririn da aka haifa jiya duk ƙwaƙwalwarmu na yin sa kullum. Akwai wani dogon furotin mai suna APP da ke soke a jikin fatar ƙwayar jijiya, wato ƙwayar halittar da ke aika saƙo a ƙwaƙwalwa. Wasu sinadarai biyu ne ke datsa shi, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, guntun da ya fita a tsakiya shi ne amiloyid-beta. Yakan fito da tsayi iri-iri, amma biyu aka fi sani, mai gaɓoɓi 40 da mai gaɓoɓi 42. Mai 42 ɗin ya fi danƙo, shi ya fi saurin manne wa ɗan'uwansa.

Ka ɗauki unguwa. Kowane gida na fitar da shara kullum. In ka ga bola ta cinye layi, ba lalle ne mutanen layin sun fi kowa yin shara ba, sau da yawa masu kwashewa ne suka rage zuwa. A 2010 rukunin Randall Bateman a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun auna wannan a jikin mutane, ta hanyar ruwan laka. Suka tarar masu Alzheimer da masu lafiya kusan daidai suke samar da amiloyid, amma saurin kwashe shi ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a wajen marasa lafiyar.

Su wa ke kwashewar? A nan ne maganar risefta ta shigo. Risefta wani furotin ne da ke zaune a jikin fatar ƙwayar halitta, kansa a waje, yana cafke abin da ya dace da shi. Wanda aka fi nazari a wannan fanni shi ne LRP1. A jikin ƙwayar jijiya, in ya cafki amiloyid sai fatar ta lotsa ciki ta haɗiye su tare, a tura amiloyid ɗin zuwa wani ɗan ƙunshi mai tsami a cikin ƙwayar, ana ce masa laisosom, ya narkar da shi. Shi kuma LRP1 ya koma waje ya sake kamo wani. A 2013 rukunin Guojun Bu suka cire LRP1 daga ƙwayoyin jijiyar ɓeraye kaɗai. Yawan amiloyid da ake samarwa bai canza ba, amma kwashewa ta yi rauni, daskararren amiloyid ya ƙaru a ƙwaƙwalwar ɓerayen.

Dan_Fagge:
Na gode ƙwarai Malam Abba. Wato ita ƙwayar jijiyar ita ke yin sa kuma ita ke haɗiye shi?

Abba_Biochem:
Haka ne, amma ba ita kaɗai ba.

Likita_Tarauni:
Abba ya yi bayani mai kyau, sai dai kada a ɗauka duk aikin a cikin ƙwayar jijiya yake ƙarewa. Shi wannan LRP1 ɗin yana nan a jikin ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge mai tsauri, ba komai ke ratsa shi ba. A can LRP1 yana ɗauko amiloyid daga ɓangaren ƙwaƙwalwa ya tsallakar da shi cikin jini, daga nan hanta da ƙoda su ƙarasa aikin. Berislav Zlokovic da abokan aikinsa ne suka nuna haka a shekarar 2000. Akwai kuma wani risefta mai suna RAGE da ke yin akasin haka, yana shigo da amiloyid daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. An lura cewa da shekaru, musamman a masu wannan ciwo, LRP1 na jijiyoyin jini yana raguwa, RAGE kuma yana ƙaruwa.

Ni a nan ne abin ya fi taɓa ni a matsayin mai duba marasa lafiya a garin nan. In hanyar fita ta jijiyoyin jini ce, to duk abin da ke lalata jijiyoyin jini ya shafe mu: hawan jini, ciwon siga, taba. Mutum nawa ne a Kano ke yawo da jini 180 bai sani ba? Wani ya sani, ya sha magani na wata ɗaya, ya ji kansa ya daina ciwo, ya ajiye. Kuma a sani, ba kowace mantuwa ce Alzheimer ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Wani kaso babba na sauran daga toshewar ƙananan jijiyoyin jini ne, irin ɗan ƙaramin shanyewar ɓarin jiki da ba a ma lura da shi ba. Da yawa kuma biyun ne a haɗe.

Malam_Na_Gwale:
Malam Bakano, ko ta fuskar addini ba a ɗauki wannan hali abin wasa ba. A Suratun Nahli aya ta 70 an ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga hakan. Abin da aka nemi tsari daga gare shi ba a hana neman maganinsa ba. Abin da na fi so mutane su ji shi ne, tsohon da hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifi. In ya yi azahar sau uku, ko ya yi ba alwala, ko ya zagi wanda bai taɓa zagi ba, a daina yi masa tsawa.

Bakano77:
Na ji Malam, Allah ya saka da alheri. Amma har yanzu ina da ja. In wannan amiloyid ɗin ne sanadi, ai na taɓa jin cewa akwai tsofaffin da ƙwaƙwalwarsu ke cike da shi kuma lafiyarsu ƙalau.

Abba_Biochem:
Wannan gaskiya ne, kuma su kansu masanan suna ta muhawara a kai. Amiloyid yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alamar farko, don haka za ka samu mutum da shi bai fara mantuwa ba, wani har ya rasu bai fara ba. Akwai furotin na biyu mai suna tau, wanda ke cukurkuɗewa a cikin ƙwayar jijiya, kuma yaɗuwarsa ta fi tafiya daidai da tsananin mantuwar. Tun 1906 da likita Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwar wata mara lafiya mai suna Auguste Deter a Jamus ya ga abubuwan nan biyu tare.

Amma akwai hujjojin da ke da wuyar turewa. Ƙwayar gadon APP tana kan kuromosom na 21, wato ɗaya daga cikin ƙunsoshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Masu lalurar Down suna da uku maimakon biyu, kuma kusan dukansu amiloyid ya taru a ƙwaƙwalwarsu kafin su kai shekara 40. A ɗaya gefen, a 2012 an gano wasu mutane a ƙasar Iceland masu wani ɗan sauyi a APP da ke rage datsa shi, kuma wannan sauyi yana ba su kariya daga ciwon.

Zee_Pharm:
Yaya Abba, ka tsallake SorLA. Tun da ana maganar riseftan ƙwayar jijiya, ai bai kamata a bar shi ba, shi ma risefta ne. Shi aikinsa biyu ne: yana riƙe APP ya kauce da shi daga inda masu datsawa suke, sannan yana kama amiloyid ɗin da aka riga aka yi ya kai shi laisosom. An ga ya ragu a ƙwayoyin jijiyar masu Alzheimer, kuma tun 2007 aka alaƙanta ƙwayar gadonsa, SORL1, da ciwon.

Sannan ga wani abu da ke hana ni murna da wuri in an ce a ƙara LRP1 kawai a huta. A 2020 an nuna cewa shi wannan LRP1 ɗin ne kuma ke shigar da tau cikin ƙwayar jijiya, yana taimaka masa ya yaɗu daga wannan zuwa waccan. Ka ƙara shi don amiloyid, wataƙila ka buɗe wa tau hanya. Ko haɗiyar amiloyid ɗin ma, in ya fi ƙarfin laisosom, taruwa yake yi a cikin ƙwayar ya cutar da ita. Da sauran rina a kaba.

Abba_Biochem:
Haka ne Zee. A ƙara da maikurogiliya, ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa, su ma suna da nasu risefta mai suna TREM2 da ke sa su kewaye daskararren amiloyid su ci. A 2013 aka gano wani sauyi a TREM2 da ke ninka haɗarin ciwon wajen sau uku.

Hajiya_Rijiyar_Zaki:
'Ya'yana, ni duk waɗannan sunaye sun fi ƙarfina. Abin da nake so in sani, gado ne? Mahaifinmu ya yi, yayarsa ma ta yi. Ni yanzu in na ajiye makulli na manta sai gabana ya faɗi.

Likita_Tarauni:
Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Manta inda aka ajiye makulli kowa na yi. Abin da ke sa mu damu shi ne mutum ya riƙe makullin ya rasa na mene ne, ko ya ɓace a hanyar masallacin da ya shekara talatin yana zuwa, ko ya maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama ɗaya.

Irin wanda ake gada kai tsaye daga uwa ko uba ba shi da yawa ko kaɗan, kuma yakan fara da wuri, mutum yana shekara arba'in ko hamsin. Na tsufa kuwa, gado yana ƙara haɗari ne kawai, ba hukunci ba ne. Babbar ƙwayar gadon da aka sani ita ce APOE, tana da iri uku, 2 da 3 da 4. Tun 1993 aka gano a Jami'ar Duke cewa mai iri na 4 ya fi shiga haɗari. Kuma wannan ya dawo da mu kan tambayar Dan_Fagge, domin furotin ɗin APOE shi ma LRP1 yake kamawa, kuma in iri na 4 ne kwashe amiloyid ya fi tafiyar hawainiya.

Ga abin da ya shafe mu a nan gida. Daga 1992 an yi wani dogon bincike da ya kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a Indianapolis. Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun da Farfesa Adesola Ogunniyi suna cikin jagororinsa a ɓangaren Najeriya, Hugh Hendrie a can. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna sabbin masu kamuwa a Ibadan ba su kai rabin na Indianapolis ba, wasu rahotanninsu kuma sun nuna tasirin APOE na 4 ya fi rauni a wajen Yarbawan. Mutanen Ibadan ɗin sun fi ƙarancin hawan jini da siga da kitse a jini. Wannan ya sa nake cewa yadda ake rayuwa yana da nasa kaso.

Sani_Kurmi:
Dakta, to amma wannan Ibadan ce ta shekara talatin da suka wuce. Kano ta yau fa? Lemon kwalba a kowane biki, shayi da siga cokali huɗu, daga ƙofar gida a hau adaidaita sahu har ƙofar shago.

Likita_Tarauni:
Abin da nake tsoro ke nan, Alhaji Sani.

Nas_Hotoro:
Ba wanda ya yi maganar barci. Na san an ce da daddare ne ƙwaƙwalwa ke wanke kanta. Mu masu aikin dare wannan magana tana damunmu. Ga zafin bazara, ga rashin wuta, ga sauro, ga ƙarar janareton maƙwabta. Wa ke samun barcin kirki a watan Afrilu a garin nan?

Zee_Pharm:
Anti, maganar daga ɗakin binciken Maiken Nedergaard ta fito, a Rochester ta Amurka. A 2012 suka bayyana yadda ruwan ƙwaƙwalwa ke bin gefen jijiyoyin jini yana ratsa naman ƙwaƙwalwa yana ɗauke datti, a 2013 kuma suka ce a ɓeraye amiloyid ya fi saurin fita wajen ninki biyu lokacin barci. Sai dai a 2024 wasu masu bincike a Landan sun fitar da sakamakon da ya saɓa wa wannan, kuma har yanzu ana ja-in-ja. Abin da aka fi yarda da shi shi ne, ƙwayar jijiya ta fi fitar da amiloyid lokacin da take aiki a farke, kuma hana mutum barci na ɗaga yawansa a ruwan laka. Ko ba don wannan ba barci na da hakkinsa. Mai munshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, shi kam ya ga likita.

Maman_Ilham:
Maganar dare ta tuna min. Mu da la'asar sakaliya abin yake tashi. Da rana ta yi sanyi sai Inna ta ɗaura ɗankwali ta ɗauki mayafi ta ce za ta tafi gida, alhali a ɗakinta take. Gidan da take nufi na iyayenta ne a cikin gari, wanda aka daɗe da sayarwa. Rannan aka bar ƙofa a buɗe ta fice, sai da muka kai cigiya gidan rediyo, wani mai shayi ne ya zaunar da ita ya ba ta ruwa har aka zo. Da farko gardama nake yi da ita, in ce Inna nan ne gidanki, sai ta fashe da kuka. Yanzu sai in ce to bari a idar da magariba mu tafi tare, in miƙa mata wake ta tsince. Kafin a idar ta manta. Wasu dangi sun ce sammu ne, har aka fara nuna kishiyarta da baki, baiwar Allah da ita ke taya ni yi mata wanka. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Nas_Hotoro:
Sannu Maman Ilham. Ki ɗinka mata 'yar takarda mai lambar wayarku a cikin mayafin da ta fi ɗauka, ki kuma sanar da masu shagunan layinku. Ki kunna fitila tun kafin duhu ya shiga, inuwa tana ƙara rikita su.

Dan_Fagge:
Allah ya saka wa kowa. To mu dawo kan garin maganin nan na mota. Kuma ance Turawa sun samo allurar da ke cire amiloyid ɗin, gaskiya ne?

Zee_Pharm:
Garin magani dai, babu wani ganye ko saiwa ko kwalba da aka tabbatar yana cire amiloyid daga ƙwaƙwalwar mutum. Wanda ya ce nasa na yi, a tambaye shi da me ya auna, domin ganin amiloyid sai da hoton ƙwaƙwalwa na musamman da ake kira PET ko gwajin ruwan laka ko wasu sabbin gwaje-gwajen jini. Ni abin da na fi ji wa tsoro hanta da ƙodar tsohon, waɗanda Dakta ya ce su ke ƙarasa fitar da shi.

Allura kuwa akwai. Lecanemab ta samu cikakken izini a Amurka a 2023, donanemab a 2024. Ba risefta suke gyarawa ba. Manne wa amiloyid suke yi, sai maikurogiliya su gane shi su cinye. Suna rage shi sosai a hoto. Amma a gwajin lecanemab da aka yi da mutum kusan 1,800, abin da aka samu shi ne tafiyar ciwon ta ragu da kashi 27 cikin ɗari a wata 18. Ba warkewa ba, ba ma tsayawa ba. A gwajin ta ƙarin ruwa aka ba da ita duk mako biyu, ga masu matakin farko kawai, tana iya kawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa don haka sai ana bibiya da hoton MRI, kuma farashin da aka sa mata a Amurka a 2023 dala 26,500 ne a shekara.

Bakano77:
To kun gani. An cire abin kuma mutum bai warke ba. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba.

Abba_Biochem:
Ko kuma an makara. Ƙwayar jijiyar da ta mutu ba ta dawowa don an kwashe amiloyid daga baya. Shi ya sa yanzu ake gwada magungunan a kan mutanen da ke da amiloyid amma ba su fara mantuwa ba. Sakamakon wannan ne zai raba gardamar da ke tsakanina da kai.

Sani_Kurmi:
Dala dubu ashirin da shida. Mu dai a bar mu da awon jini.

Ummu_Sadiq:
Dakta, surukata ce ta rikice cikin kwana biyu kacal, ba ta gane mutane, tana ta surutai. Shekaranjiya lafiyarta ƙalau har ta je suna. Shi ne wannan ciwon?

Likita_Tarauni:
A'a, Alzheimer ba ya zuwa a kwana biyu, a hankali yake shiga cikin watanni da shekaru. Rikicewar farat ɗaya a tsoho alama ce ta wani abu daban da ke bukatar gaggawa: ciwon sanyin mafitsara, zazzaɓi, siga ya faɗi ko ya hau, ƙarancin ruwa a jiki, shanyewar ɓarin jiki, ko wani magani da aka ba ta. Yawancinsu ana magance su mutum ya dawo hayyacinsa. Ku kai ta asibiti yau, kada a jira gobe. Ku zuba duk abin da take sha a leda ku tafi da shi, har da na gargajiya, kuma wanda ke kwana da ita a ɗaki shi zai shiga wajen likita, don shi ya san lokacin da abin ya fara.

Ummu_Sadiq:
To Dakta, bari in kira maigidan yanzu.